Yaya ma'adinai ke narkewa a ruwa inda babu nauyi?

Malamin Kimiyya, Agege:
Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare, kuma ina neman taimakon masana kan wannan batu: idan aka jefa gishiri ko kanwa cikin ruwa a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, inda komai ke shawagi, shin zai narke kamar yadda yake narkewa a nan Legas, ko kuwa rashin nauyi yana hana shi?

Injiniya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. Zai narke, kuma adadin gishirin da ruwa zai iya ɗauka kafin ya ƙoshi ba ya canzawa, domin wannan ya dogara ne a kan irin ma'adinin da kuma zafin ruwan. Abin da ke canzawa shi ne saurin narkewar.

Ka ɗaure gutsuren kanwa da zare, ka rataya shi a saman kofin gilashi mai ruwa, za ka ga wasu siraran zirin ruwa suna gangarowa ƙasa. Ruwan da ya sha kanwa ne ya fi sauran nauyi, sai ya nutse, sabon ruwa ya maye gurbinsa, ba tare da kowa ya dama ba. A tashar wannan zagayawar ba ta faruwa. Ruwan da ya ƙoshi yana tsayawa a jikin gutsuren kanwar ya lulluɓe shi, kuma abin da ya narke sai dai ya bazu da kansa sannu a hankali, tafiyar da ke cin sa'o'i da dama kafin ta kai santimita ɗaya.

Wani ƙarin bayani, tashar tana nisan kimanin kilomita 400 ne kawai, kuma jan ƙasa a can ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji. Shawagin yana zuwa ne saboda tashar da duk abin da ke cikinta suna faɗuwa tare yayin da suke kewaya duniya.

Ɗaliba, Akoka:
Injiniya ya yi gaskiya game da gishiri, amma a ganina bai kamata a yi wa dukkan ma'adinai kuɗin goro ba. Duwatsu masu tauri suna sakin sinadaransu ne kaɗan kaɗan, ta yadda jinkirin yana fitowa daga dutsen, ba daga motsin ruwan ba, don haka tasirin rashin nauyi a kansu yana iya zama ƙarami. A 2019 masana daga Jami'ar Edinbara sun aika gwajin BioRock zuwa tashar, inda aka bar ƙwayoyin bakteriya iri uku a kan baƙin dutsen aman wuta har kwana 21, a rashin nauyi, da kuma a nauyin duniyar Mars da na tamu duniyar, biyun nan an kwaikwaye su ne da na'ura mai juyawa. Iri ɗaya daga cikinsu ya ƙara yawan ƙarafa masu wuyar samu da suka fita daga dutsen a dukkan yanayin uku.

Ma'aikaciyar Jinya, Obalende:
Malam, ka tuna wa ɗalibanka cewa ƙashi ma ma'adini ne da ke raguwa a rashin nauyi, ko da yake dalilin raguwarsa daban yake. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi jiki ne ke zaizaye shi, har 'yan sama jannati su rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ma'adinin ƙugu da ƙashin baya a wata guda. Kalsiyam ɗin yana fita ta fitsari, kuma a 2009 ya daskare ya toshe na'urar da ke tace fitsari zuwa ruwan sha a tashar.