Wane suna za mu raɗa wa Creeper da Hausa?

Jama'a masu buga Minecraft, wasan nan na kwamfuta da waya, da iyayen da yara suka cika wa kunne da labarinsa, ina neman taimako a kan suna guda. Koren abin nan marar hannu, mai gajerun ƙafafu huɗu da fuska a murtuke, wanda masu wasan suka sa wa Creeper, me za mu ce masa da Hausa? Yaran gidanmu "Kirifa" suke cewa. Ba laifi, haka muka yi wa kwamfuta da rediyo, kuma sun zauna. Amma kafin mu rungumi aro, a bari mu duba ko akwai namu a rumbu.

Bari in fara da halinsa, don ba a raɗa suna ba a ga jariri ba.

Duniyar Minecraft da bulo aka gina ta, kowane bulo mita ɗaya. Da rana kana sare itace, kana haƙar ma'adinai, kana gini. Da dare miyagun halittu su fito, kuma kusan kowannensu yana yi maka sallama tun daga nesa. Zombi yana gurnani. Ƙwarangwal mai kwari da baka za ka ji ƙasusuwansa ƙwaras-ƙwaras. Shi wannan kuwa tsit. In ya hango ka a tazarar bulo 16 zai biyo ka, ba kuka ba gurnani. Sai ya matso kamar bulo 3 sannan ya tsaya, ya fara huci tssss, yana kumbura, jikinsa na ƙyaftawa fari-fari. Sakan ɗaya da rabi, ya tarwatse. In ba sulke a jikinka kuma yana dab da kai, to sai dai ka farka a kan gadonka ka koma neman kayanka inda suka zube. In ka tsira ma, bangon ɗakinka ya tafi, akwatin ajiyarka ya watse, ƙofar gida ta zama rami sai ka ce rijiyar da aka fara haƙa aka fasa.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi: rana ba ta ƙona shi. Gari na wayewa Zombi da ƙwarangwal su kama da wuta. Shi yana nan cikin ciyawa, launinsa da nata ɗaya, yana jiran ka buɗe ƙofa.

To, ga sunayen da jama'a suka kawo mini zuwa yanzu.

Da yawa sun ce a kira shi dodo kawai. Dodo ya yi faɗi. A wasan nan dodanni sun fi a ƙirga da yatsu, in ka yi ihu "dodo!" abokin wasanka bai san ko gudu zai yi ko sara ba. A bar dodo ya zama sunan dangin gaba ɗaya.

Malam da ya kawo "mai rarrafe", Allah ya ƙara ilimi, na ga ƙamus ka bi, kuma ƙamus bai yi ƙarya ba, kalmar tana ɗaukar wannan ma'ana. Sai dai abin nan ba ya rarrafe, a miƙe yake tafiya ƙyam. Ɗaya ma'anar ce ta shafe mu, wato sanɗa: tafiyar da mutum ke yi don kada a ji shi.

Daga nan wani ƙanina ya ce to ai shi ke nan, "ɗan sanɗa". Na yi dariya har da hawaye. Ƙanina, mutum nawa ne a nan ke sa ƙugiya a harafi idan yana rubutu a waya? Gobe ka rubuta a guruf cewa "dan sanda ya fashe a kofar gidanmu", ka ga yadda za a cika maka waya da kira. Wannan a ajiye shi.

Akwai wanda aka fi maimaitawa, kuma shi ne na fi ƙi: "ɗan ƙunar baƙin wake". Ta fuskar ma'ana ya zauna daram, ba musu. Amma akwai gidaje a Maiduguri da Kano da Kaduna da Diffa waɗanda wannan magana ba ta wasa ba ce a wurinsu, kuma yaran waɗannan gidaje suna cikin masu buga gem ɗin. Ba zan so in ji ta a bakin ɗan shekara tara yana ƙyaƙyata dariya ba. Na rufe wannan babi, don Allah kada a sake buɗe shi.

Yaya da kika ce a kira shi "ɓataccen alade", ashe kin san tarihin. Ga waɗanda ba su sani ba: Markus Persson, mutumin Suwidin da ya ƙirƙiro wasan, alade ya so ya zana a 2009, sai ya musanya tsawo da tsayi, abin ya fito a tsaye maimakon a kwance. Maimakon ya goge, ya shafa masa kore ya mai da shi mugu. Yau fuskar wannan kuskure ce a cikin harafin A na tambarin Minecraft, wasan da Microsoft ya saye kamfaninsa Mojang a 2014 kan dala biliyan 2.5, wanda kuma aka sayar da kwafi sama da miliyan 300 nasa zuwa 2023. Labari ne mai daɗi, amma ba ya ceton kowa a cikin kogo.

Nan ne gaɓar da nake so mu tsaya. Sunan irin wannan abu ba na rubutu ba ne, na ihu ne. Kana haƙa, abokinka na gefe ya hango shi a bayanka, kuma duk abin da kuke da shi sakan ɗaya da rabi ne. Sunan da ya wuce gaɓa biyu ya riga ya kashe ka. Shi ya sa "lallaɓo-ka-fashe" da wata baiwar Allah ta kawo, duk da ya yi kyau a kunne, ya bi sahun su faɗi-tashi da dafa-duka, ba zai yi ba. Kafin a kai "fashe" an fashe.

Hausa tana da hanyar da take yi wa mai wani hali laƙabi a gajarce. Mai yawan mantuwa mantau, mai makara makarau, wanda ya gagara gagarau. A wannan ƙira biyu ne suka rage a gabana: Fashau da Sanɗau.

Fashau ya fi ƙara, na yarda, kuma yana da ƙamshin fashi a ciki, wanda ya dace da mai raba ka da dukiyarka. Amma fashewa ba shi kaɗai ke yi ba. TNT, wato bulon nakiya, na fashewa, har ya fi shi ƙarfi, don a ma'aunin wasan nasa 3 ne, na TNT 4. Gado ma na fashewa in ka yi gangancin kwanciya a kansa a Nether, wato duniyar wuta ta cikin wasan. Abin da ya ware shi daga kowa shi ne yadda yake zuwa. Kuma duk dabarun tsira daga gare shi a kan zuwan nan suka rataya, fashewar kam in ta zo magana ta ƙare.

Duba yadda gwanaye ke yi. Suna zagaye gida da fitilu, domin tun sabuntawar 1.18 ta 2021 sai a duhu ƙirin yake fitowa. Suna sa tagar gilashi kusa da ƙofa su leƙa kafin su fita da safe. Suna ɗaga katanga, don ba ya buɗe ƙofa. Suna ajiye kyanwa a bakin gida, saboda wannan mugu da ke rusa bene yana ganin mage zai juya da gudu. A cikin kogo ba sa daɗewa suna fuskantar bango ɗaya ba su waiwaya ba, kuma ba sa kashe sauti. Wanda ke buga Minecraft ba sauti ya ba da kansa sadaka. Duk waɗannan maganin sanɗa ne.

In kuma kun yi ido huɗu, kibiya daga nesa ta fi komai sauƙi. In takobi ne a hannunka, ka rugo da gudu ka sare shi, saran zai tura shi baya, kai ma ka ja da baya nan take. Za ka ga ya fara kumbura, da ka ba shi tazara kamar bulo 7 sai kumburin ya sace, ya sake biyo ka. Ka koma ka ƙara masa. Sara uku ko huɗu da takobin ƙarfe, ya faɗi, ya bar maka albarushi in ka yi sa'a. Kuskuren sababbin shiga shi ne tsayawa a gabansa suna ta sara ba ja da baya, suna tsere da hucinsa. In ya riga ya rutsa ka a lungu, ɗaga garkuwa ka fuskance shi, za ta shanye bugun. In kusa da gininka ne kuma akwai ruwa, ja shi ciki, domin fashewa a cikin ruwa ba ta rusa bulo, ko da yake kai za ka ji a jikinka.

Saboda haka ni na tsaya a kan Sanɗau. Ku gwada a baki: "Sanɗau a bayanka!" "Su Sanɗau sun cika kogon nan." "Sanɗau ya cinye mini rabin katanga." Ko an rubuta ba ƙugiya, Sandau bai yi karo da kowa ba.

Baba da ka ce wahalar banza muke yi, tunda yara a YouTube suke koyon wasan kuma can Creeper za su ji, maganarka dutse, ranka ya daɗe. Ba hana su sanin wancan za mu yi ba. Muna cewa salula, muna cewa wayar hannu, ba wadda ta kori wata. Abin da nake so shi ne in yaro yana ba kakarsa labarin abin da ya rusa masa gida, ta gane irin mugun daga jin sunansa.

An tambaye ni sunan ɗaya nau'in nasa, wanda aradu ta faɗa wa ya koma yana zagaye da shuɗin haske. Ƙarfinsa ninki biyu ne, 6. Sanɗau mai aradu ya isa. Masu tara kawuna suna nemansa da gangan, don in fashewarsa ta kashe Zombi ko ƙwarangwal ko wani Sanɗau, kan yakan faɗo a ɗauka, har sukan kunna shi da ƙyastu su ruga. Haka masu neman faifan kiɗa ke shiga tsakaninsa da ƙwarangwal, su goce, kibiya ta kashe shi, ya saki faifai. Wannan aikin masu ƙarfin hali ne, sabon shiga ya bari tukuna.

Masu cewa Fashau har yanzu ina jin ku, ku kawo hujjar da ta fi wadda na kawo. Wanda kuma ya riga ya tsallaka yana cewa a sa wa Enderman, baƙin dodon nan mai tsawo, "Dogo", ka dakata. Wannan da ba a kallon idonsa sai ka kifa kabewa a ka, tsawo ne mafi ƙanƙantar matsalarsa. A bar shi sai gobe.