Malam ya ce ƙasa tana rabewa, zaure ya ruɗe

Malamin Labarin Ƙasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Shekara 14 ina riƙe da alli, yau aka kira ni ofis kamar yaron da ya tsallake katanga. Laifina shi ne na gaya wa ɗalibaina ƙasar nan da muke takawa tana rabewa. Wani uba ya zo ya ce ina cusa wa 'yarsa shirme, shugaban makaranta kuma ya ce in tsallake babin a zauna lafiya. Abin kuwa yana cikin manhaja. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, faya-fayai ne manya-manya, kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke, suna zaune a kan dutse mai zafi da ke motsi a hankali kamar kwalta a rana. Daga Habasha, ta Kenya da Tanzaniya har Mozambik, akwai kwarin da nahiyarmu ke buɗewa, wajen Habasha milimita 6 zuwa 7 a shekara. A Satumban 2005 ƙasa ta buɗe a yankin Afar na Habasha, tsawon kilomita 60, wani wurin faɗin mita 8. Lemo na kai aji, na yanka ɓawon gida-gida, ina tura shi da babban yatsa. Wata yarinya ta dubi taswira ta ce, "Malam, ashe shi ya sa kumburin Barazil ya yi daidai da lungun da Najeriya take." Ita ce aka ce na ɓata.

Alhaji Mai Taya: Wa alaikumus salam. Malam, ban karanta duka ba, amma ka janye kalmar rabewa. Ƙasar nan ba za ta rabe ba in sha Allahu. Yayana ya tafi yaƙin basasa, har mahaifiyarmu ta rasu tana jiran sallamarsa a ƙofa. Ba kalmar da za a sa a bakin yara ba ce.

Malamin Labarin Ƙasa: Allah ya jiƙan su, Alhaji. Ba Najeriya nake nufi ba, ƙasa ta turɓaya da dutse nake nufi.

Alhaji Mai Taya: To ka ce tsagewa. Bango yana tsagewa, tulu yana tsagewa. Rabewa ta jam'iyya ce da gidan gado.

Ɗan Maraɗi: Baba Alhaji, in rabewa ake tsoro ai an riga an yi ta. Wane dutse ne ya motsa tsakanin Maraɗi da Katsina? Turawa suka ja layi, yanzu sai na nuna takarda kafin in je gaida gwaggona. Ni dai darewa zan ce, tsagewa ta yi kaɗan.

Hajiya Uwar Biyu: Ƙanena, darewa ai jama'a ke yi in sarki zai wuce, daga baya su sake haɗewa. Tsagewar Alhaji ta fi.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, ku Kanawa kun ɗauka Hausa a Kurmi aka haife ta.

Hajiya Uwar Biyu: Ni ba Bakana ba ce, aure ya kawo ni. Ka tambaya kafin ka yi magana.

Auta: Ku bar gardama, ga bidiyo na tura. Kenya ce, 2018, titi ya rabe biyu. Malam ya yi gaskiya.

Malamin Labarin Ƙasa: Auta na gode, amma kada ka kare ni da wannan. Ramin da ke kusa da garin Mai Mahiu ne, kuma masana da yawa sun ce ruwan sama ne ya kwashe tokar aman wuta da ke ƙarƙashin titin. Motsin da nake magana ba ya fitowa a bidiyon waya, da na'urar tauraron ɗan'adam ake auna shi shekara bayan shekara. Tekun Atlantika yana ƙara faɗi santimita 2 zuwa 5 a shekara, kusan saurin fitowar farce.

Alhaji Mai Taya: Kun ji ko? Shi da bakinsa ya ce ruwan sama ne.

Ustazu: Jama'a, me ya kawo musu? Ku duba aya ta 88 a Suratun Namli, duwatsun da kake zaton a tsaye suke, alhali tafiya suke kamar girgije. Tun kafin Bature ya sani mun sani.

Gardi: Ustazu, ka ji tsoron Allah. Mafi yawan malaman tafsiri sun ce ranar alƙiyama ayar take nufi, ka karanta wadda ke gabanta, maganar busa ƙaho ce. Kada ka ja aya da ƙarfi don ta dace da littafin boko.

Ustazu: A gaban wa ka ɗauki tafsiri?

Gardi: A gaban wanda bai koya mini a Facebook ba.

Maman Ilham: Ni ba ruwana da kalma. A Mpape ta Abuja nake zaune a Satumban 2018. Kwanukan da ke kan kanta suka riƙa kaɗawa su kaɗai, ruwan bokiti yana rawa, na goya jaririya na fita tsakar gida ba ko takalmi. Aka ce masu fasa dutse ne, aka ce 'yan haƙar rijiyar burtsatse ne. Ko mene ne, 'ya'yana su san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Malam, kada ka tsallake babin nan.

Ɗan Zango: Yaya, wannan ai atishawa ce. Mu a Akra, ranar 22 ga Yuni 1939, girgiza ta kashe mutum 17. Tsofaffin zango ba su manta ba. Ku 'yan Najeriya komai naku sai ya fi na kowa.

Maman Ilham: Yanzu tsoro ma sai an yi gasa? Da ka ga idon 'yata a daren nan ba za ka ce atishawa ba.

Malamin Labarin Ƙasa: Alhaji, bari in kawo maka hujja daga gida. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Kudancin Amurka ke ɓallewa daga Afirka, ƙasa ta buɗe gida uku daga wajen da kogin Neja ke shiga teku a yau. Biyu suka zama teku. Na ukun ya miƙe arewa maso gabas kusan kilomita 1,000, shi ne kwarin Binuwai. Ruwan teku ya shiga ya zauna har wajen Gombe, shi ya sa a dutsen farar ƙasa na Ashaka ake samun ƙwanson halittun teku sun zama dutse, a murɗe kamar ƙahon rago. Daga baya buɗewar ta tsaya. Alfred Wegener, Bajamushen da ya kawo maganar tafiyar nahiyoyi a 1912, dariya aka yi masa har ya mutu a ƙanƙarar Girinlan a 1930. Sai bayan 1960, da aka auna ƙarƙashin teku, aka yarda da shi.

Alhaji Mai Taya: Alhamdu lillahi. Ta gwada rabewa ta kasa. Abin da nake faɗa tun safe ke nan.

Admin: To jama'a, dare ya yi, ga abin da aka tsayar. Kawu Alhaji ya nuna kalmar da ta dace ita ce tsagewa, kuma Hajiya ta goyi baya. Malam da kansa ya yarda bidiyon Kenya ruwan sama ne, ya kuma yarda ta Binuwai ba ta yi nasara ba. Saboda haka ba laifin uban yarinyar ba ne, kalma ce ta yi nauyi. Ɗan Maraɗi ya nemi gafarar Hajiya. Ustazu da Gardi su koma ta bayan fage.

Ɗan Maraɗi: Yaushe aka tsayar? Kawunka ne, shi ya sa.

Malamin Labarin Ƙasa: Admin, ba haka na ce ba, kuma har yanzu babu wanda ya ce komai a kan an hana ni koyar da abin da ke cikin manhaja. Ranar Litinin zan shiga ajin da lemona. In akwai ɗan Gombe a zauren nan, don Allah ya samo mini dutsen nan mai ƙwanso ko guda ɗaya ne, ina so yarinyar ta riƙe shi a hannunta, ta kai wa babanta ya gani.

Alhaji Mai Taya: Direbana yana zuwa Gombe ranar Asabar, zan sa ya tambaya maka. Amma a ajin ka ce tsagewa.