Yaya aka yi Kudus ya tashi daga Nima har Ingila, akwai mai biyan kuɗi a ciki?

Abdul_Bukoki:
Salamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar balo ta waje, musamman masu bin labarin Mohammed Kudus na Gana. Ina da ƙane shekara 15, wallahi yaron yana da ƙafa, ba don ƙanena ba ne na faɗa, duk wanda ya gan shi a filin unguwa nan Yamai sai ya tsaya kallo. To wani mutum ya zo gida ya ce shi ajan ne, wai a haɗa miliyan 2 na sefa ya yi mishi fasfo da biza ya kai shi gwaji Turai, kuma abin da yake ta nanatawa shi ne ai haka aka yi ma Kudus, ɗan talakawa ne kamar mu aka ɗauke shi daga zango yau ga shi yana cin miliyoyi. Tsohuwarmu har ta fara maganar saida filin da baba ya bari. Shin gaskiya ne ta haka Kudus ya bi? Wanda ya sani ya faɗa mini don Allah, hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Ader (Tawa):
Wa alaikumus salam. Ɗana kar ku taɓa hilin ga, ka ji ni ko. Ni na yi zaman bida a Ankara babban birnin Gana shekaru, Nima na san ta lungu lungu, unguwa ce ta zango cike da mutane, Hausa ake yi a kasuwa da masallaci kamar kana Tawa, kuma gaskiya ne yaron nan can ya tashi, uwa tai abinci taka saidawa. Amma wane miliyan za ta samu ta ba ajan? Wata ƴar ƙungiya ta unguwa ce mai suna Strong Tower ya hwara, nan masu neman yara na makarantar Right to Dream sunka gane shi sunka ɗauke shi yana wajen shekara 12. Su sunka ciyar da shi sunka koya mai karatu da balo. Mutumin da ya zo muku ya ɗauki rabin labarin ne ya bar rabi.

Koci_Lazare:
Abin da Baba ya faɗa haka yake, bari in ƙara bayani don ni wannan magana tana ci mini rai, ina horar da yara kuma na ga iyaye sun shiga irin wannan.

Right to Dream wani Bature ne ɗan Ingila Tom Vernon ya kafa ta a 1999, makarantar kwana ce a gefen kogin Volta, yaro yana shiga aji da safe ya yi balo bayan haka, iyaye ba su biyan ko dala. A ƙarshen 2015 mutanen makarantar suka sayi kulob ɗin FC Nordsjælland na ƙasar Danmak, kun ga ke nan ƙofar tasu ce, ba sai sun je roƙon wani ya duba yaro ba. Duk da haka Kudus bai buga musu maci ba sai da ya cika 18, an haife shi 2 ga Agusta 2000, ya fara bugawa a Agustan 2018 kwana kaɗan bayan cikarsa. Dalili kuwa dokar FIFA ce ta hana a kai yaro ƙasa da shekara 18 wani kulob na wata ƙasa sai da wasu sharuɗɗa ƴan kaɗan, kamar a ce iyayen ne suka ƙaura don wani dalili da ba balo ba. To Abdul ƙanenka na da 15, ka tambayi wannan ajan ɗin wane kulob ne zai mishi lasisi, da wace doka.

Sannan ku duba yadda ya hau a hankali. Shekara 2 a Danmak, ƙaramin kulob inda ake barin yaro ya buga ya yi kuskure ya gyara, babu mai zaginsa a jarida. A 2020 Ajax ta Holan ta saye shi yuro miliyan 9. Can ma ba da sauƙi ba, a macinsa na farko na gasar zakarun Turai da Liverpool a Oktoban 2020 ko minti 10 bai yi ba ya ji ciwo a gwiwa ya yi watanni a waje, da a ce shi kaɗai ne a wani ɗaki ba kwantiragi ba likita da shi ke nan an gama. Amma kulob ya yi jinyarsa, ya dawo, a 2022 ya zuba ma Liverpool ɗin nan wata ƙwallo a Anfield da ta bugi ƙarfe ta shiga, ya je Katar kofin duniya ya ci Koriya ta Kudu 2 Gana ta yi nasara 3 da 2. Sai 2023 West Ham ta biya wajen fam miliyan 38, sai Yulin 2025 Tottenham wajen miliyan 55. A duk matakin nan kulob ne ke biya, su ne ke aiko da tikitin jirgi da takardar gayyata. Kamaldeen Sulemana da Ernest Nuamah ma ta wannan ƙofar suka fita.

Mena_har_abada:
Koci na yarda da kai kan ajan amma ku daina kambama Kudus ɗin nan haka kamar ba mutum ba, kun manta Nuwamban 2024 a Ankara? Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta je har gidansu ta doke su 2 da 1, Oumar Sako ya sa ta biyu a ƙarshe, aka ba su fenariti a minti na ƙarshe shi Kudus ɗin ya ɓarar, Gana ba ta je kofin Afirka na CAN 2025 ba sam, su ne na ƙarshe a rukuni. Ranar fadarmu ba wanda ya yi barci da wuri. Abin da nake so in ce mu ma muna da yara, abin da ba mu da shi hanya ce. Ku tuna Moussa Maazou, daga kulob ɗin AS FAN na nan Nijar ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, shekara ta zagayo CSKA Mosko ta ɗauke shi, shi ya ci Masar a filin Seyni Kountché a 2010 har muka je CAN ɗinmu ta farko a 2012. A ganina da ya ƙara jimawa a Beljiyam kamar yadda Kudus ya zauna Danmak da Holan da labarin ya fi haka, don bayan Mosko aro aka yi ta ba da shi, Monako, Bordo, bai samu wurin da ya zauna ya kafu ba. Ra'ayina ne dai, kuma har gobe ina girmama shi.

Koci_Lazare:
Fenariti kowa na ɓararwa ɗan uwa, shi ɗin ne dai ya ci Masar 2 a Abijan a Janairun 2024 yana dawowa daga ciwo. Amma maganar Maazou ka kawo abin dubawa. Ga Victorien Adebayor ma, namu ne, sai da ya je Gana ya buga ma Inter Allies ya yi ta cin ƙwallaye a gasarsu kafin HB Køge ta Danmak ta ɗauke shi a 2020. Wato masu neman ƴan wasa suna zuwa inda ake buga gasa ta gaskiya su zauna su kalla da idonsu.

Maman Hamza:
Ni ba ruwana da balo amma ni uwa ce. Ɗan maƙwabciyata haka aka yi mishi, aka saida shanu aka ba wani, ya kai yaron wata ƙasa a Arewacin Afirka ya ajiye shi a otal ya kashe waya, sai da dangi suka sake yin karo-karo kafin aka dawo da shi, ga lakol ya bari. Abdul ka zaunar da Inna ka yi mata bayani da lallashi, so ne ya sa take son saida filin, kar ka yi mata faɗa. Kuma yaron ya ci gaba da zuwa aji.

Abdul_Bukoki:
Allah ya saka da alheri Baba, Koci, Hajiya, na gode ƙwarai. Na kira mutumin ɗazu na ce ya ba ni sunan kulob ɗin da takardar gayyata da lambar lasisinsa in kai hukumar balo ta ƙasa FENIFOOT a duba, sai ya ce wai sirri ne sai an ba da rabin kuɗin tukun. Da dare zan zauna da Inna in karanta mata abin da kuka rubuta. Koci don Allah wace ƙungiya ce a nan Yamai ke ɗaukar ƴan ƙasa da 17 da lasisi na gaskiya, kuma ranar wace kuke horo, in kawo shi ka gan shi da kanka?