Taƙaitawar shawarwari: zuwa tsibiran Faro da jirgin ruwa mai filafilai

Ga abin da aka tattara daga wata doguwar tattaunawa kan yadda za a je tsibiran Faro, da ke arewacin Tekun Atlantika tsakanin Scotland da Iceland.

1. Lokaci: baki ya zo ɗaya, Yuni zuwa Agusta. Dare gajere ne, guguwa da sauƙi.

2. Hanya: daga tsibiran Shetland na arewacin Scotland kimanin mil 200 ne na teku, wato kusan awa 40 ga jirgin da ke cin mil 5 a awa. A jira hasashen iska mai kyau na kwana uku kafin a kwance igiya.

3. Gudun ruwa: nan aka fi daɗewa. Tsibiran 18 ne, mashigan da ke tsakaninsu matsattsu, ruwa kan yi gudun da ƙaramin inji ba zai iya tunkara ba. A Torshaban, babban birnin, teku ba ta cika ko janyewa sosai, shi ke yaudarar baƙo ya ɗauka lafiya lau. A duba jadawalin gudun ruwa kafin kowace fita. In iska ta saɓa wa ruwa, taguwa kan miƙe tsaye, musamman a bakin tsibiri.

4. Iska kan rufto daga kan duwatsu ba zato, don haka a rage filafili tun kafin shiga mashigi. Hazo ma haka, rada, na'urar gano abin da ke gaban jirgi, dole ce.

5. An rabu kan wurin kwana: wasu na jefa anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, mafi yawa sun ce ƙasan ruwa zurfi da ciyawa, gara a ɗaure a tashar masunta. A zo da katakon kare gefen jirgi da dogayen igiyoyi, don bangon tashar na goge jirgi.

6. Inda za a fara sauka: wasu Torshaban, wasu tsibirin Suduroy na kudu.