Reshen Pothos yana ruɓewa a ruwa, me zan yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maƙwabciyata ta yanko min reshen fulawar nan mai yaɗo, Pothos, mai ganye kamar zuciya. Na tsoma shi a kwalbar zuma a tagar kicin, sai gindin ya yi baƙi, ruwan har wari yake. Ita kuwa tata ta cika baranda.

Mai Lambu: Wa alaikumus salam Hajiya. Duba ko akwai gaɓa a jikinsa, wato ɗan kumburin da ganye ke fitowa. Daga nan saiwa take tsirowa, ganye da silinsa kaɗai ba zai yi ba. Ki yanke ruɓaɓɓen da reza mai tsabta, ƙasa kaɗan da gaɓar, ki tsinke ganyen da zai nutse. Ki riƙa canja ruwa bayan kwana 3. Saiwa ta kai santimita 5, sai tukunya, ƙasa haɗe da yashi.

Anti Bilki: Ni dai tagar nake zargi, ba ya son rana kai tsaye. Kuma da sanyin hunturun nan sai haƙuri, da damina ya fi saurin kamawa. Ki ɗaga shi sama kar yara su tauna, yana ƙona baki.

Maman Ilham: Na duba, gaɓa biyu ne. Na gode, Allah ya saka.