Soya sitek a kasko: in sake gwadawa ko in haƙura?

Amaryar Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar maigidana zai yi baƙi mutum huɗu, ya ce yana so in yi musu sitek, faffaɗan naman nan da ake soyawa a kasko ba tare da an tafasa ba. Jiya na gwada da rabin kilo. Ruwa ya dinga tsatsafowa, naman ya yi fari, da muka zo ci kamar roba. Kaskona shafal ne, firij kuma sai yadda wuta ta yi da mu. In sayi kaskon ƙarfe in sake gwadawa, ko in lallaɓa shi a sayo balangu?

Uwargida Gyallesu: 'Yata, ki tafasa shi da albasa, citta da kanumfari sai ya yi luguf, sannan ki soya.

Amaryar Samaru: Mama, ai shi wannan ba a tafasawa.

Mai Abinci a Kongo: Ƙanwata, tun wurin mahauci aka kayar da ke. Shanunmu na kiwo ne, sun sha tafiya, cinyarsu duk jijiya. Ki yi sammako ki ce a ba ki naman gadon baya, lallausan nan da ke kwance jikin ƙashin baya ta ciki, a yanka miki kaurin yatsa biyu. Ki tsane shi da tsumma mai tsabta, ki barbaɗa gishiri da masoro. Kasko ya yi zafi har ya fara hayaƙi, man gyaɗa cokali ɗaya, yanka biyu kacal a lokaci guda. Cika kasko da nama shi ke kashe zafin, sai ya koma dahuwa cikin ruwansa. Kada ki taɓa shi sai ya yi minti uku, ki juya, ki jefa man shanu da tafarnuwa kina kwarara masa da cokali. In kin sauke ki bar shi ya huta minti biyar, ki yanka a gicciye. Kaskon ƙarfe kam ki saya.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai wallahi ba zan ba ki shawarar yi wa baƙi ba. Wata na uku da aure na yi wa dangin mijina, na bi duk ƙa'idar nan. Surukata na yankawa ta ga ciki jaja-jaja, ruwa ya kwanta a faranti. Ta ture shi ta ce, ashe ɗanye ake ba ɗana, har da jini? A gaban ƙannensa da matan yayyensa. Na shiga kicin na yi kuka na ƙoshi. Yau shekara shida, ko taron suna aka yi ba a ba ni aikin nama, sai wanke-wanke. Shi da ya ce in yi, ko uffan bai ce ba.

Uwargida Gyallesu: Kin ji ko? Allah ya ba ki haƙuri. Jini ai haramun ne.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Mama, ba jini ba ne. Jini ya fita tun wurin yanka. Jan ruwan nan wani sinadari ne na cikin tsoka, mayogulobin, gauraye da ruwa. Abin tsoron shi ne tsila, ana kamuwa da ita daga naman shanun da bai dahu ba. Tsakiyar naman ta kai zafin digiri 63 a ma'aunin Celsius, ko a bar shi sai jan ya ɓace.

Uwargida Gyallesu: Yaro, shekara 30 ina girki. Ka taɓa riƙe ludayi?

Mai Abinci a Kongo: Mama, a nan dai gaskiya ya faɗa. Girkin da kika sani daban, wannan daban.

Ɗan Kwangila: Amarya, ki sayo tsire ki zare tsinken ki jera a faranti da wuƙa da cokali mai yatsu. Wa zai tambaya?

Hajiyar Tudun Wada: Wasu na jefa farasitamol don nama ya yi laushi, kada ki soma, hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta yi gargaɗi a kai, yana lahanta hanta da ƙoda. Ki daddaka ganyen gwanda ki naɗe naman ciki awa ɗaya. Amma ki shirya kuɗi, 8,000 na sayi kilo a Sabon Gari.

Ɗan Kwangila: Hajiya an ga motarki ne. 6,500 na saya shekaranjiya.

Hajiyar Tudun Wada: Da ƙashi da kitse ba? Ni tsoka zalla nake nufi. Kuma ka auna naka a gida tukuna. Na sayi kilo biyu, na ɗora a sikelina, ya gaza da kusan kwata.

Mai Abinci a Kongo: Na manta, naman da aka yanka da safen nan ya fi tauri. Ya kwana biyu a firij ya saki jiki.

Amaryar Samaru: Anti, wane firij? Kwananmu huɗu ba wuta.

Maman 'Yan Biyu: Mu sati biyu ke nan da taransifomarmu ta ƙone. Kowane gida ya ba da 3,000, har yau shiru. Naman da na ajiye wa yara da hannuna na zubar, ga takardar kuɗin wuta an kawo jiya. Ku a layinku nawa aka karɓa?