Wace manhaja ce mai sauƙi wajen lissafin rumbun zafi?

Dalibin_Makamashi: Salam 'yan uwa. Ina nazari kan tsarin nan da tasha ɗaya ke ɗumama gidajen gari da ruwan zafi ta bututu. In ƙaramin gari zai gina rumbun ajiye zafi, da me zai gane girman da ya dace? Manhajojin TRNSYS da energyPRO duk sai da kuɗi, kuma sai gwani.

Injiniya_B: Wa alaikumus salam ƙanena. Gwada EnergyPLAN ta jami'ar Aalborg a Denmak, kyauta ce, tana lissafin shekara awa bayan awa. Akwai manhajar oemof ma amma sai ka iya Python, wato wani harshen rubuta manhaja.

Maman_Hanan: Malam kafin manhaja fara da biro da takarda mana. Kubik mita ɗaya na ruwa yana riƙe wajen kilowat-awa 1.16 a kowane digiri, to in ruwan ya sauko daga 90 zuwa 40 ka samu kilowat-awa 58 kenan, yanzu ka duba ramin ruwan zafi na garin Vojens a Denmak mai wajen kubik mita 200,000 da ke tara zafin rana lokacin bazara a yi amfani da shi da hunturu, ka ga abin ba wasa ba ne. Kar dai ka manta zafin da ke zurarewa ta murfi da gefen ramin.

Injiniya_B: Gaskiya ne Hajiya. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, ko manhajar kyauta ce ba ta aiki sai da bayanan yawan zafin da gidaje ke ja kowace awa, kuma kamfanoni ba sa son sakinsu. Wallahi ya kamata a buɗe su ga kowa.

Dalibin_Makamashi: Na gode sosai, bari in fara da lissafin Hajiya.